Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Komawa Ƙasar Skyrim da Sabuwar Kwaskwarima

Ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna The Elder Scrolls V: Skyrim. Jaririn da aka yi wa suna a wannan makon yau ɗan sakandare ne, wayar da ake yayi a lokacin kuwa ko wajen masu gyara da ƙyar ka ga gawarta. Shi ko wasan yana nan daram. A 2023 jagoran da ya shirya shi, Todd Howard, ya ce an sayar da fiye da kwafi miliyan 60, kuma har gobe dubban mutane na kunna shi kowace rana. Da yawansu sun gama shi sau uku sau huɗu, sun sake komawa farko.

Ina cikinsu. Na san mai karatu zai ce, ma'aikaciyar jinya, uwar 'ya'ya, me ya haɗa ta da gem? Ka yi haƙuri ka biyo ni. Ko ba ka taɓa riƙe abin buga gem ba, mai yiwuwa ɗanka ko ƙaninka yana da wannan wasa a kwamfutarsa, ke kuma uwargida wataƙila shi ne abin da ke hana maigida kwanciya da wuri daren Asabar. Abin da suka ɗora a kan wasan ya kamata a san shi a gida.

Skyrim irin wasan nan ne da ake sakin mutum a ƙasa guda ya yi abin da ya ga dama. Babu mataki na ɗaya da na biyu, babu agogon da ke korarka. Ana farawa da kai a ɗaure bayan amalanke, ana kai ka wani gari mai suna Helgen inda hauni ke jira da gatari. Ka ɗora wuya a kan gungume ke nan sai wani baƙin dodo mai fuka-fuki, mai aman wuta, ya dira a kan hasumiya, gari ya kacame, ka samu ka tsere. Daga nan ƙasar taka ce: duwatsu masu dusar ƙanƙara, dazuzzuka, koguna, yankuna tara kowanne da sarkinsa, ga kuma yaƙin basasa tsakanin sojojin Daula da 'yan tawayen Ulfric Stormcloak. Labarin ya ce kai ne aka haifa da jinin dodanni, kai kaɗai za ka iya gamawa da Alduin, wancan baƙin da ya ceci wuyanka ba da niyya ba. Amma babu mai tilasta maka. Kana iya share dodo da yaƙi ka kama ƙira a birnin Whiterun, ko farauta, ko ka sayi fili a bakin tafkin Ilinalta ka gina gida, ka ɗauko marayu biyu ka riƙe.

Zagaye na farko mutum ba ya mantawa da shi. Zagaye na uku kuwa ka riga ka san kowace kwana. Ka san dogarin ƙofar gari zai sake ba ka labarin kibiyar da ta same shi a gwiwa ta raba shi da yawon duniya. Ka san idan basamude ya maka maka kulki sai ka yi sama kamar an harba roka. Akwai ma wani abin dariya da 'yan wasan duk duniya suka sani: ko da wace niyya ka fara, ko mai takobi ko mai sihiri, bayan kwana biyu sai ka tsinci kanka kana sanɗa da kwari da baka, saboda ita ce hanya mafi sauƙi. A nan ne kwaskwarima ke shigowa.

Mece ce kwaskwarimar?

Masu wasan suna ce mata "mod". Wani ƙari ne ko gyara da ɗan wasa, ba kamfani ba, ya zauna ya haɗa, ya saka a intanet, kowa ya sauke ya ɗora a kan nasa. Bethesda ta daɗe da buɗe wannan ƙofa, tun wasanta na Morrowind a 2002. A Fabrairun 2012 ta saki Creation Kit kyauta, wato kusan kayan aikin da ma'aikatanta suka gina Skyrim da su. Babbar kasuwar waɗannan kaya ita ce Nexus Mods, wadda wani Baturen Ingila, Robin Scott, ya assasa a 2001. Na Skyrim kaɗai dubun-dubata ne a can, kuma kusan duka ba a biyan ko sisi.

Wasu shirme ne zalla. Akwai wadda ta mayar da dodannin wasan suka koma jirgin ƙasan nan mai fuska na zanen yara, Thomas, ka ga jirgi yana shawagi a sama yana ƙona ƙauye. Akwai wadda ke cire manyan gizo-gizon da ke cikin koguna domin masu tsoronsu, kuma wannan ba shirme ba ne, na ga manya da jikinsu ke rawa idan sun ga gizo-gizo ko a hoto. Wasu kuma gyaran aikin kamfani ne da ya bari a baya. Unofficial Skyrim Special Edition Patch ta toshe kurakurai masu ɗimbin yawa da Bethesda ba ta taɓa waiwaya ba, SkyUI kuma ta gyara jakar kaya ta yadda za ka ga nauyi da darajar kowane abu a jere, ba sai ka yi ta lalube ba. Waɗannan biyu su ne gishiri da man miya, kowa da su yake farawa.

Wadda ta fi canza mini wasan ita ce Alternate Start. Da ita ba sai ka sake hawa amalanken Helgen ba. Kana iya farawa a matsayin baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa, ko wanda jirginsa ya nutse a teku mai ƙanƙara, ko mai gida a birni, ko wanda 'yan fashi suka yashe suka bari don ya mutu. Muddin ba ka doshi Helgen ba, dodanni ba za su fito ba, babu mai kiranka gwarzo. Kai talaka ne a cikin talakawa, kuma sai a lokacin za ka lura da yarinyar da ke tallan furanni cikin sanyin Windhelm, Sofie, wadda ke kwana a ƙasa a waje, ko ayarin fataken Khajiit masu siffar kyanwa da ke yada zango a bayan ganuwa, ba su shiga gari da hajarsu.

Sanyi, yunwa da ruwan rafi

A wasan yadda kamfani ya fitar da shi, kana iya faɗawa teku mai ƙanƙara da 'yar shara, ka yi iyo ka fita garau. Kana iya yin wata guda ba barci. Kana tsakiyar faɗa, jini ya kusa ƙarewa, sai ka tsayar da komai ka hadiye cuku ashirin, ka miƙe kamar ba a sare ka ba. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ga wannan sai ya yi murmushi.

Wani mai suna Chesko ya haɗa Frostfall da Campfire don magance wannan. Da su a kan wasan, sanyi ya zama abokin gaba da ya fi dodo. Idan ruwan sama ya jiƙa ka, sanyi zai fi saurin kama ka. Idan dare ya yi maka a kan dutse, sai ka sari itace, ka hura wuta, ka kafa tanti. Gani ya fara dishi-dishi, ƙafa ta yi nauyi, in ba ka samu wuta ba ka faɗi. Wanda ya yi wannan aiki ya fahimci abin da muke koya a makaranta: jiƙaƙƙen tufafi yana zuƙe zafin jiki fiye da busasshiyar iska, kuma da zarar zafin jikin babba ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Mu nan ba mu da dusar ƙanƙara, amma duk wadda ta yi aikin ɗakin haihuwa cikin hunturu ta san dalilin da ya sa ake hanzarin goge jariri a naɗe shi a sa masa hula. Shi nasa ma'aunin ma bai kamata ya sauka ƙasa da 36.5 ba.

Akwai wata kuma, Realistic Needs and Diseases, da ke sa yunwa da ƙishirwa da gajiya, cuta kuma ta riƙa tsananta idan ba a yi magani ba. Ka sha ruwan rafi ba ka tafasa ba, kana iya kwasar ciwo. Wallahi da za a riƙa nuna wa wasu majinyatanmu wannan, da an rage yawan ƙarin ruwan da muke ɗaurawa da damina. Sunayen cututtukan wasan ma ba duka ne ƙirƙira ba. Ataxia sunan gaske ne na matsalar da ke hana mutum daidaita motsin jikinsa, zazzaɓin "karya-ƙashi" da beyar ke sa wa ɗan wasa kuwa laƙabin da ake yi wa zazzaɓin dengi ne. Daga baya Bethesda ta kwaikwayi wannan salo ta fitar da nata, Survival Mode, wanda tun Nuwamban 2021 ake samunsa kyauta tare da kamun kifi.

Abin da irin wannan kwaskwarima ke yi shi ne rage wa mutum gudu. A da sai ka danna taswira ka ɓulla a wani birni. Yanzu tafiya daga Whiterun zuwa Winterhold sai da shiri: guzuri, mayafin fata, gatari, da lissafin masaukin da za ka kwana. Yini guda na wasan minti 72 ne na agogonmu, saboda haka rana tana faɗuwa da wuri. Ƙasar da ka ɗauka ka haddace sai ta sake yi maka faɗi.

A wannan zagayen na zaɓi mace daga ƙabilar Redguard, baƙaƙen fata 'yan hamadar Hammerfell, na kuma ɗaura mata sharaɗi: ba ta riƙe takobi. Aikinta warkarwa. Tana tsinkar shuɗin furen dutse ta haɗa da alkama ta yi maganin rauni, tana koyon ilimin warkarwa wajen Danica da ke kula da majinyata da sojojin da aka raunata a Whiterun. Faɗa kuwa na abokin tafiyarta ne, ita tana baya tana ɗinke shi. A makarantar Winterhold akwai wata malama, Colette, da kullum take ƙorafin cewa abokan aikinta ba su ɗauki fannin warkarwa a bakin komai ba. Duk lokacin da ta fara, sai in ji kamar a ɗakin hutunmu na asibiti nake.

Za ka ce, mutum ya baro jinya a wurin aiki ya dawo gida ya kama jinyar ƙarya? E, kuma ga dalili. A asibiti kana iya yin duk abin da littafi ya ce, ka yi a kan lokaci, amma ka wayi gari gadon babu kowa. Wani lokaci maganin ne babu, wani lokaci kuɗinsa, wani lokaci an kawo mutum a makare. A Skyrim idan na ɗaga hannu, raunin yana rufewa, kowane lokaci. Na san wasa ne. Amma bayan mako mai nauyi, awa guda a wurin da magani ba ya ƙin ci yana sauke mini wani abu daga kafaɗa, kuma sanin hanyoyin ƙasar yana cikin daɗin, kamar komawa unguwar da ka tashi ka tarar an yi sabbin gine-gine amma lungunan suna nan.

Abokin tafiyar nata shi ma kwaskwarima ne, Inigo, wani shuɗin Khajiit da ake samu a kurkukun Riften yana zaune yana nadamar cewa ya taɓa harbinka. Mutum ɗaya ne ya rubuta shi ya kuma yi masa murya, maganganu sama da 7,000. Yana tsokaci a kan wuraren da kuka shiga, yana tsokanar sauran abokan tafiya, in kun zauna a masauki ya ba ka tarihin rayuwarsa. Dogariyar da kamfani ya ba mu, Lydia, baiwar Allah, ban da gunaguni a kan ɗaukar kaya da tsayawa a bakin ƙofa ta tare hanya, ba ta da wani zance.

Waɗanda suka mayar da wasa sana'a

Wani matashi Ba'amurke, Alexander Velicky, yana da shekara 19 ya kwashe kusan awa 2,000 yana gina sabon tsibiri sukutum, Falskaar, da garuruwansa da labarinsa da masu murya. Ya sake shi a 2013, kafin shekarar ta ƙare kamfanin Bungie ya ɗauke shi aiki. Wani lauya ɗan Ostareliya, Nick Pearce, ya fitar da The Forgotten City a 2015, labarin wani birni a ƙarƙashin ƙasa mai doka ɗaya: mutum guda ya yi laifi, kowa ya halaka. Rubutun ya ci kyautar ƙungiyar marubutan ƙasarsa a 2016, ya ajiye aikin lauya, a 2021 labarin ya fito a matsayin wasa mai zaman kansa. Wasu Jamusawa kuma, ƙungiyar SureAI, suka ɗauki injin Skyrim suka gina wani wasa dabam, Enderal, wanda ya fito a 2016, kyauta ga duk mai Skyrim na asali. Da yawa sun ce labarinsa ya fi na uwar ɗakinsa, ni ma ra'ayina ke nan.

Na kawo waɗannan ne saboda iyaye. Yaron da ya wuce buga wasa ya fara buɗe Creation Kit yana koyon tsara gini, rubuta zance, da rubuta umarnin kwamfuta da yaren da ake kira Papyrus. Littattafan da ke cikin wasan ma rubutu ne da ake iya canzawa, babu abin da zai hana ɗan Kano ko Maraɗi ya rubuta tatsuniya da Hausa ya ajiye ta a kan kantar wani masauki a Riverwood.

Maganar kuɗi ta taɓa tayar da ƙura. A ƙarshen Afrilun 2015 Bethesda da kamfanin Valve, masu Steam, suka buɗe sayar da kwaskwarima, wanda ya yi aikin yana samun kashi 25 cikin 100 kacal. 'Yan wasa suka yi ca, cikin kwana huɗu aka janye aka mayar wa mutane kuɗinsu. Kamfanin bai haƙura ba: ya dawo da Creation Club a 2017, ya sake faɗaɗa kasuwar a Disamban 2023. Ni ban ga laifin a biya mai aiki ba, wanda ya ba da awa dubu biyu ya cancanci fiye da godiya. Abin da ke ba mutane haushi shi ne duk sanda kamfani ya taɓa wasan don ya ƙara kanti, sai kayan kyauta da yawa su daina aiki har sai masu su sun sake gyarawa.

Garin neman gira

Ga wanda zai gwada, ga abin da zai tarar. Ana so a samu Special Edition, wanda ya fito a Oktoban 2016, domin shi ne ya fi jure lodi. Yana buƙatar wurin ajiya giga 12 da ƙwaƙwalwar aiki giga 8. A Xbox an ware wa kwaskwarima giga 5, a PlayStation 4 giga 1 ne kuma ba a yarda a shigo da sabon hoto ko murya daga waje ba, a Switch kuwa babu wannan ƙofa. Wasan ba shi da na waya, duk manhajar da ta ce ita ce Skyrim ta waya ka guje ta. Kwafin sata da ake tura wa mutane a filashi shi ma matsala ne: ban da haƙƙin masu shi, manyan kwaskwarima sun dogara da wani ƙarin inji, SKSE, wanda sai da wasa na asali yake tafiya daidai, ga kuma ƙwayar cutar kwamfuta da ke biyo irin waɗannan kaya. Steam kan karya farashin wasan sau da yawa a shekara, haƙuri kaɗan ake buƙata.

Kada a zuba kwaskwarima da hannu. Akwai manhajojin da ke tsara su, Vortex ko Mod Organizer 2, da wata LOOT da ke jera su bisa wanda ya kamata ya riga wani. Jerin nan shi ne komai, domin idan biyu suka taɓa abu ɗaya, ta ƙarshe ce ke cin nasara. Kamar magani ne: kowanne shi kaɗai lafiya lau, ka haɗa biyu da ba sa jituwa su kayar da majinyaci. Saboda haka a karanta bayanin kowace kafin a ɗora, a ɗora kaɗan-kaɗan, a gwada. Abu mafi muhimmanci, kada a cire babbar kwaskwarima ana tsakiyar zagaye. Umarninta ya riga ya shiga cikin ajiyar wasan, kuma ajiyar da aka yi wata uku ana ginawa tana iya lalacewa ba gyara. A kuma hana Steam sabunta wasan da kansa, domin sabuntawar Nuwamban 2021 ta sa mutane da yawa kuka.

Mu a nan muna da ƙarin lissafi. Kwaskwarimar da ke ƙawata duwatsu da itatuwa ita ce mai cin data, ita ce kuma mai dafa laftof cikin zafin Afrilu. Akwai shiryayyun tarin da manhajar Wabbajack ke ɗorawa kai tsaye, wasu sun haura giga 100. Wannan ba namu ba ne. Alternate Start da Frostfall da gyaran kurakurai ba su da nauyi, kuma su ne ke canza yadda wasan yake a hannu. Daɗinta, da zarar an sauke, ba a buƙatar intanet, kuma maɓallin F5 yana ajiye wasa nan take, abin da duk wanda ya san halin wutar lantarkinmu zai riƙa dannawa kamar carbi.

Akwai cutar da ke kama masu wannan harka: sai mutum ya yi mako yana sauke kaya yana jerawa, ya kunna wasan minti goma don ya ga ko ruwan kogi ya yi kyau, ya kashe ya koma neman wata. Kwaskwarima 30 da aka zaɓa da hankali ta fi 500 da aka kwaso don an ga wani ya yi.

Iyaye, ga naku

Skyrim ba wasan yara ba ne. A Amurka an sa masa alamar 'yan shekara 17 zuwa sama, a Turai 18. Cikin mintunan farko ake fille kan mutum a gabanka. Akwai ƙungiyar masu kisan haya da ta ɓarayi da ɗan wasa ke iya shiga, akwai giyar zuma a kowane teburi, akwai wata ƙwaya mai suna skooma, akwai wani aiki a Markarth da ke kai mutum ga cin naman mutane. Duniyar wasan tana da ƙagaggun alloli da wuraren bautarsu da sihiri, kuma kowane gida ya san inda ya ja layinsa a kan wannan. Yawancin waɗannan ana iya kauce musu, amma sai mai hankalin da zai kauce.

Kwaskwarima tana ƙara wani abu da alamar shekaru ba ta lissafa ba. Kamfani ya hana a cutar da yara a cikin wasan, akwai wadda ke cire wannan kariya. Akwai na tsiraici da batsa tsagwaronta, masu yawa. A Nexus Mods irin waɗannan a ɓoye suke sai mai asusu ya shiga saituna ya buɗe da kansa, wanda bai fi aikin minti ɗaya ba. Na Xbox da PlayStation sun fi tsabta domin ta hannun kamfani suke bi. Don haka tambayar "wane gem kake yi?" ba ta wadatar ba. Ku ce ya buɗe muku Vortex ko Mod Organizer ku ga jerin, ku kuma duba saitin asusunsa. Yaron da ba shi da abin ɓoyewa zai yi murna, zai ma cika ku da bayani. Ƙanana kuwa ga Minecraft nan, an yi masa alamar shekara 7, shi ma yana da tasa kwaskwarimar.

Sai batun lokaci, wanda ya shafi manya fiye da yadda muke so mu yarda. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka matsalar kamu da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta, kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Ba yawan awanni kaɗai ake dubawa ba. Alamomin uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya gaba da sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan. Abin da na fi gani shi ne ƙananan abubuwa: barcin da aka ci bashinsa, wuya da baya, idon da ya bushe, da zaman awa biyar ba motsi, wanda ke iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa kamar yadda yake faruwa ga matafiyin dogon zango. Skyrim ba shi da inda yake cewa "an tashi", kowane kogo yana nuna maka wani kogon. Ni agogon waya nake saitawa, kuma ranar da na sauko daga aikin kwana ba na kunna shi sai na yi barci. Duk minti 20 a ɗauke ido a kalli nesa, duk awa a miƙe a taka.

Shekaru kuwa ba su hana ba. Wata dattijuwa Ba'amurkiya, Shirley Curry, da aka haifa a 1936, ta fara saka bidiyon wasanta na Skyrim a YouTube a 2015, tana kiran masu kallonta jikokinta, har suka haura miliyan ɗaya. Bethesda ta ɗauki siffarta don ta saka ta a The Elder Scrolls VI, wanda aka sanar tun 2018 kuma har yau ana jira. Ita ma masoyanta sun yi mata kwaskwarima, ana iya tafiya da ita a matsayin abokiyar hanya, da muryarta.

Akwai wani wuri a labarin da ya daɗe yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya, wanda bai kai can ba ya tsallake wannan sakin layi. A ƙololuwar dutse mafi tsawo a ƙasar akwai wani tsohon dodo, Paarthurnax. A zamanin da shi ne na hannun daman Alduin, da shi aka zalunci mutane. Daga baya ya juya, ya koya wa 'yan Adam yadda za su yaƙi ɗan'uwansa, ya hau dutse ya zauna dubban shekaru yana danne halinsa. Shi ne malaminka. Sai wasu mayaƙa biyu, Delphine da Esbern, su ce tsohon laifi ba ya ruɓewa, ka je ka kashe shi, in ba haka ba sun daina hulɗa da kai. Kamfani bai ba ka bakin da za ka yi musu gardama ba: ko ka kashe, ko ka bar aikin a rataye har abada. Wani ya haɗa 'yar ƙaramar kwaskwarima, The Paarthurnax Dilemma, wadda ba ta ƙara komai ba sai damar ka dube su ka ce a'a, su kuma haƙura. Mai warkarwata tana Ivarstead yanzu, a gindin dutsen, tana jiran gari ya waye iska ta lafa. Ta sayi itace da gasasshen kifi, Inigo na ɗauke da tanti, kuma wannan 'yar kwaskwarimar tana cikin jerin tun ranar farko.